Wa Ya Hau Dutsen?

Takardar shaidar tana rataye a ɗakina da sunana a jiki: Uhuru, mita 5,895, ƙololuwar dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya. Duk baƙon da ya gan ta sai ya ce, "Kai, namijin duniya!" Ni kuwa sai in yi murmushi in kawar da zancen.

Kwana bakwai muka yi ta hanyar Machame. Abin da na goya bai wuce gorar ruwa da rigar sanyi ba. Tanti, tukwane, abinci, har kujerar da nake zama in sha shayi, duk a kan 'yan dako suke, kowanne da kilo 20 bisa ƙa'ida, ban da nasa kayan. Da safe mu bar su suna naɗe tanti, su cim mana su wuce, mu iso da la'asar mu tarar da ruwan zafi. A hawan Barranco, inda nake rarrafe da hannu da ƙafa, wani saurayi ya wuce ni da jakata a ka, takalminsa a yage. Ya ce mini "pole pole", wato sannu-sannu. Ban tambayi sunansa ba.

Abokin tafiyata ya ce in daina damun kaina, ai ciniki ne, an biya su, kuma da wannan aikin suke ci da iyali. Da gaskiyarsa. Ƙafata ce kuma ta taka, ciwon kai da aman da na sha a daren ƙarshe ba wanda ya ɗaukar mini. To amma kuɗin ladan dako ne na biya. Labarin fa, yaushe muka yi cinikinsa har ya zama nawa ni kaɗai? Ko hawan farko na 1889, Hans Meyer da Ludwig Purtscheller ake ambata, sai ka ce kayansu tashi suka yi da fiffike.

Da na dawo na yi shiri guda a rediyo kan tafiyar. Daga baya na saurare shi: "na hau", "na jure", "na kai". Wanda ya kunna mini shi ne mai haɗa sautin da ke zama bayan gilashi, shekara shida yana gyara muryata, masu sauraro ba su taɓa jin sunansa daga bakina ba. Ya cire abin sauraro daga kunnensa ya ce, "Shirin ya yi kyau, Malam."