HUKUNCIN TSARE ƘAGUWA MAI ARON GIDA DOMIN SHA'AWA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci abin da ke tafiya a tudu da abin da ke iyo a cikin ruwa, ya kuma ɗauki nauyin ciyar da kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin halittun Allah da ke zaune a bakin teku a ƙasashe masu zafi akwai wata irin ƙaguwa wadda ta sha bamban da 'yan'uwanta. Kanta da ƙafafunta suna da sulke mai tauri, amma cikinta taushi gare shi, kuma a murɗe yake. Saboda haka sai ta nemi ƙwanson da dodon koɗi ya mutu ya bari, ta shiga da baya, ta riƙa yawo da shi duk inda za ta. In ta ji motsin abokin gaba sai ta ƙule ciki, ta toshe ƙofa da babban hannunta mai kama da awartaki. In ta girma gidan ya yi mata kaɗan, sai ta nemi wani. Da Hausa ana iya ce mata ƙaguwa mai aron gida.

Larabawa suna kiranta as-saraɗanun nasik. Kalmar nasik kuwa ana faɗinta ga mai ibada wanda ya ƙaurace wa mutane ya shiga halwa, haka nan ma sunanta da Turanci yake nufi. Amma sunan bai dace da halinta ba ko kaɗan, gama dabba ce mai son jama'a, ana samunsu da yawa wuri ɗaya. Masu bincike sun ga wani abin mamaki a wurinsu. In aka sami sabon ƙwanso babba a bakin gaɓa, sai su taru su yi layi daga babba zuwa ƙarama. Da zarar babbar ta koma sabon gida, mai bi mata ta faɗa wanda ta bari, haka har kan 'yar autarsu, cikin ɗan lokaci kowa ta sami na daidai da ita. Wanda ya san wannan zai ƙara fahimtar aya ta 38 a Suratul An'am, inda Allah Maɗaukaki ya bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye su ma al'ummomi ne kamar 'yan Adam.

To, a ƙasar Amurka da waɗansu ƙasashe an daɗe ana sayar da wannan ƙaguwa domin a ajiye a gida don sha'awa, musamman a kantunan garuruwan bakin teku inda mutane ke zuwa hutu. Wadda aka fi sayarwa a Amurka ita ce ta yankin Karibiyan, mai hannu ruwan shuni, sai kuma wata da ake samu a gaɓar Tekun Fasifik wajen Ekwado. Ana ba da ita da araha, a cikin ɗan keji na waya ko na roba, da tsakuwa a ƙasa, da ɗan soso jiƙaƙƙe, sau da yawa kuma an shafa wa ƙwansonta fenti mai ɗaukar ido domin yara su gani su matsa wa iyaye. Akasarinsu ba sa daɗewa a hannun masu saye, 'yan watanni ne sai su mutu. Alhali kuwa dabba ce mai tsawon rai, takan kai shekara 30, har akwai wadda ta wuce shekara 40 a hannun mai kula da ita a Amurka.

Musulmi da ke zaune a waɗannan ƙasashe, ko wanda ya je ya gani ya yi sha'awa, zai so ya san hukunci. Asalin tsare dabba a gida domin sha'awa halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa yana da ƙane ƙarami ana ce masa Abu Umair, yana da wani ɗan tsuntsu da ake kira nugair yana wasa da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan zo gidansu ya yi wa yaron raha yana tambayarsa labarin tsuntsun, bai kuwa hana shi ba. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya ciro fa'idoji 60 daga wannan ɗan gajeren hadisi, Ibn Hajar kuma ya kawo su a Fathul Bari, a cikinsu har da halaccin ajiye tsuntsu a keji da barin yaro ya yi wasa da shi.

Amma halaccin yana da sharaɗi, sharaɗin kuwa mai nauyi ne. Buhari da Muslim ɗin dai sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta ba ta ruwa ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci a ƙasa ba, har ta mutu. Ya kamata mai karatu ya lura da cewa ba a ce matar ta doki kyanwar ko ta yanka ta ba. Laifinta shi ne ta raba ta da hanyar arzikinta, sa'an nan ta ƙi tsayawa a madadin wannan hanya. Duk wanda ya rufe ƙofa a kan wata halitta, to abin da take samu a waje ya koma wuyansa.

Malaman fiƙihu sun yi wa wannan magana iyaka. A Muhtasar na Shaihu Halil, wanda Malikawa ke karantawa, an wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa in babu makiyaya, in kuwa ya ƙi sai a sayar da ita. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan Hijira, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan ɗan Adam a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Na farko a ciki shi ne a ciyar da dabba gwargwadon abin da irinta ke bukata, ko da ta tsufa ko ta yi ciwo ba ta da sauran amfani. A nan ne maganar take. Ma'aunin shi ne bukatar irin dabbar, kuma bukatar raƙumi daban, ta tantabara daban. Wanda ya zuba wa kifi dusa a busasshen akushi ba zai ce ya sauke nauyi ba.

Mene ne, ke nan, irin wannan ƙaguwa ke bukata? Abu na farko, wanda mafi yawan masu saye ba su sani ba, shi ne iska mai laima. Ko da yake a tudu take zaune, abin numfashinta dangin na kifi ne, ba ya aiki sai yana da danshi. Masu kiwonta da suka ƙware sun ce laimar iskar ta kasance tsakanin kashi 70 da kashi 80 cikin 100, zafi kuma wajen digiri 24 zuwa 29. A kejin waya da ke ajiye a ɗaki mai na'urar sanyaya iska ko ta ɗumamawa, abin numfashin nan bushewa yake yi kaɗan kaɗan, dabbar tana shaƙewa tsawon makonni, mai ita kuwa yana ganin kamar lafiya lau, sai dai ta rage motsi. Tana bukatar ruwa iri biyu, na daɗi da na gishirin teku, kowanne a kwanon da za ta iya nutsa jikinta ta kuma fita, kuma a cire musu sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan famfo. Tana bukatar 'yan'uwa, da abin hawa, da abinci iri iri, da ƙwansuna da dama marasa fenti waɗanda za ta zaɓa da kanta.

Sai kuma maganar saɓa. Kamar yadda maciji ke yi, ita ma takan tuɓe tsohon sulkenta domin ta girma. In lokacin ya zo sai ta haƙa rami ta binne kanta cikin yashi mai danshi, ta yi makonni, babba ma takan fi haka, a cikin duhu, har sabon jikinta ya yi ƙwari, ta kuma cinye tsohon domin ta mai da abin da ta rasa. Saboda haka dole a zuba mata yashi, ko yashi haɗe da zaren ɓawon kwakwa, zurfin da bai kasa inci 6 ba. A kan tsakuwar kejin kanti ba ta da inda za ta shiga. Wani mai ita kuma, da ya ga kwana da kwanaki ba ta fito ba, sai ya tono ta don ya duba, wannan tonon shi ke kashe ta. Wani ya ga tsohon sulken a yashe ya ɗauka gawa ce, ya kwashe har da mai rai ya zubar.

Abin da ya sa lamarinta ya fi na kyanwa haɗari ga mai tsoron hisabi shi ne ba ta kuka irin wanda zai tashi mai gida daga barci. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah ya shiga gonar wani mutumin Madina, raƙumi ya gan shi ya yi gurnani idanunsa suna zubar da hawaye, sai ya kira mai shi ya tsawata masa a kan barinsa da yunwa da wahalar da shi. Raƙumi ya sami hanyar kai ƙara. Ƙaguwa kuwa sai dai ta ƙara ƙulewa cikin ƙwanso. Kada wani ya ce ai irin waɗannan ba sa jin zafi. A shekarar 1990 ko kafin haka da mutum ya faɗi wannan da ya sami masu goyon bayansa da yawa, amma a 2009 Farfesa Robert Elwood na Jami'ar Sarauniya da ke Belfas ya gwada irinta ta cikin teku da ɗan jan lantarki. Ya ga waɗanda aka ja sukan fi saurin barin ƙwanson da ba su so ƙwarai, su daure a wanda suke so, daga baya kuma in aka miƙa musu sabo su yi gaggawar komawa. Watau suna aunawa, suna kuma tunawa. A 2022 Birtaniya ta sa dangin ƙaguwa cikin dokarta ta dabbobi masu ji a jika. Musulmi ba ya jiran dokar wata majalisa kafin ya ji tausayi, tun da an sanar da shi cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai, amma shaidar masu bincike ta toshe ƙofar uzuri.

Har ila yau akwai tambayar inda ake samo ta. Wannan ƙaguwa a teku take zuba ƙwai, 'ya'yan su yi makonni suna yawo cikin ruwa kafin su fito tudu, shi ya sa hayayyafa ta a gida ke da wuya matuƙa, sai a 'yan shekarun nan ne waɗansu ƙalilan suka iya. Kusan duk wadda ke kanti, ke nan, kamo ta aka yi daga bakin gaɓa. A 2025 'yan sandan Japan sun kama mutum uku a tsibirin Amami Oshima da dubbansu cushe cikin akwatunan tafiya, nauyin wajen kilo 160, alhali dokar ƙasar ta kare su. Waɗanda suka tsira daga masu kamu kuma shara ta tare su. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa fiye da 500,000 sun mutu cikin kwalabe da robobin da teku ya watso a tsibiran Kokos na Tekun Indiya, sun shiga sun kasa fita. A 2024 masu bincike na Jami'ar Warso sun gano guda 386 a cikin hotuna waɗanda suka mai da murfin kwalba da makamantansa gida. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Abu Dawud ya kawo, sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu a kan hanyar tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fikafikai, Manzon Allah ya umarce su su mayar mata. 'Yan tsaki biyu ne kacal.

Daga nan hukuncin ya fito fili. Wanda ya san bukatun wannan dabba, yana da ikon biyansu, ya kuma yi niyyar ɗaukar nauyin shekaru masu yawa, ba a ce ya yi haram ba, ko da yake barin saye ya fi, domin kowace ɗaya da aka saya ana komawa gaɓa a kamo wata. Wanda bai sani ba, to neman sani ya wajaba a kansa kafin ya miƙa kuɗi, kamar yadda ba ya halatta mutum ya shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Uban da ya saya wa ɗansa, nauyin yana kansa shi, gama ba a rubuta wa yaro zunubi. Mai kanti kuwa da ya san kejin nan kabari ne ya kuma ce wa mai saye dabbar ba ta da wahala, ya haɗa cutar da dabba da algus a ciniki. Haka maganar take ga kanarin da ke rataye a rana da kunkurun da aka huda wa baya aka ɗaure a tsakar gida a ƙasar Hausa.

Saura wanda ya riga ya saya, ko aka ba shi kyauta. Wannan kada ya ɗauka tuba ita ce ya kai ta bakin wani kogi ko lambu ya saki, domin a ƙasar da ba tata ba sanyi ko ƙishirwa ne zai kashe ta. Sai ya samo babban akwatin gilashi mai murfi, ya zuba yashi mai zurfi, ya ajiye ruwan nan biyu, ya sa abin auna zafi da laima, ya baza ƙwansuna marasa fenti, kuma kada ya fizgo ta daga wanda take ciki da ƙarfi, takan yarda jikinta ya tsinke da dai ta saki. In ya ga ba zai iya ba, a Amurka akwai ƙungiyoyin masu kiwonta da ke karɓar waɗanda masu su suka gaza, sai ya miƙa ta gare su ba tare da ya nemi kuɗinsa ba. Wallahu a'alam.