Hukuncin Kuɗin Shara a Wuraren Shaƙatawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, mas'alarmu ta wannan mako ita ce: shin ya wajaba ga mai sana'a a wurin shaƙatawa, kamar bakin madatsar ruwa ta Bakolori, ya biya kuɗin kwashe shara?

An kammala wannan madatsa a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kuma da ruwanta ne manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun ke noman rani. Masu zuwa kallon ruwa su ne kasuwar mai tsire da mai soyayyen kifi da mai ruwan leda. Idan an watse, sai iska ta kwashi ledar ta toshe magudanan ban-ruwa, ko saniya ta haɗiye ta, ta yi ta ramewa har ta mutu. Watau riba ta mai ciniki, hasara kuwa ta manomi da makiyayi, tun daga Ruwan Gizo har Bakura.

Mai sana'a yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Zai ce kuɗin da ake karɓa a kasuwa sun yi yawa, alhali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya zargi sarakunan zamaninsa da karɓar jangali da kuɗin gari da naman mahauta ba bisa Shari'a ba.

To, amma abin da Shehu ya hana shi ne ƙwace dukiya ba da musaya ba. Kuɗin shara kuwa ijara ce, ladan aikin da asalinsa wajibinka ne. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa mai cin amfanin abu shi ke ɗaukar nauyinsa. Kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafa kawar da ƙazanta daga hanya cikin rassan imani, ya kuma yi gargaɗi a kan ɓata mashaya da hanya da inuwa. Ko dai ka kwashe da hannunka, ko ka biya mai kwashewa.

Sai dai ijara ba ta inganta sai an san lada, an san aiki. Saboda haka a yanka kuɗin a fili, gwargwadon sharar kowa, domin yarinya mai tallar gyaɗa ba daidai take da mai rumfa ba. A ba da rasit, a biya leburori kan lokaci, a kuma ga wuri ya tsabtata. Idan aka karɓi kuɗi juji yana nan, mai biya ya sauke nauyinsa, mai karɓa kuwa ya ci haram, kuma zai amsa a gaban Allah.

Allah ya tsarkake mana abincinmu. Wallahu a'alamu.