Gyara Ne Ko Cike Gurbi?

Duk ɗan kasuwa a nan Sabo ya san bambancin abu biyu. Ka ga yaronka ya rubuta buhu 500 a littafi alhali 50 aka sauke, ka goge sifili ɗaya, wannan gyara ne. Amma ka tarar da layi babu komai, ka cike da abin da kake zato, wannan kuma me za mu kira shi?

Haka ake yi wa takardun ƙidaya. Bayan malaman ƙirge sun gama zagaye, ba mutum ne ke bin takardu ɗaya bayan ɗaya ba. Zuba su ake yi cikin manhaja irin CSPro, wadda hukumar ƙidayar Amurka ta samar, ta tace su gaba ɗaya bisa ƙa'idojin da aka rubuta mata. In ta ga yaro ɗan shekara uku wai yana da aure, ko uwa ta girmi ɗanta da shekara biyar kacal, ta gyara. Wannan ba mu da ja. In kuwa ta tarar ba a rubuta shekarun mutum ba, sai ta aro na wani mai kama da shi daga takardun da ta riga ta wuce, ta liƙa masa.

Masana sun ce aron ya fi barin gurbi, don jimilla ake nema, ba labarin Malam wane ba. Muna ganin akwai gaskiya a ciki. To amma wa ya rubuta ƙa'idar? Ya taɓa shiga gida irin namu, mai mata huɗu, dattijo ɗan saba'in da jariri a goye, ga baƙi goma sha biyar kwance a zaure? In bai sani ba, na'ura za ta ɗauki gaskiyarmu kuskure, ta daidaita mu da gidan da ba namu ba, kuma ba wanda zai zo ya tambaye mu.

Mu ma fa da namu laifin. A ƙidayar Maris 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai, nawa ne cikinmu suka kulle shago suka tafi gida Arewa don a ƙirga su can? Nawa ne aka tambaya shekaru suka ce "sa arba'in" don a wuce wurin? Arba'in ɗin nan na'ura ba za ta taɓa ta ba, tunda ba ta saɓa wa kowace ƙa'ida ba. Da ita za a lissafa mana ajin makaranta da gadon asibiti, a unguwar da rabin masu kwana cikinta an rubuta su a Kano da Katsina.