Tsufa da 'Yancin Musu: Nazari a kan Zaurukan Tattaunawa na Dattawan Yahudawa a Amurka

Gabatarwa

Mutumin da ya ba shekara tamanin baya, ina ruwansa da labaran duniya? Shugaban da za a zaɓa, wataƙila ba zai ga ƙarshen mulkinsa ba. Dokar da ake muhawara a kanta, jikokinsa za ta shafa. Shin ba zai fi dacewa a bar shi ya huta ba? Wannan maƙala za ta dubi tambayar ta hanyar wata al'ada da ta kafu a cibiyoyin al'ummar Yahudawa na Amurka, inda tsofaffi kan taru, galibi mako-mako, su baje abin da jaridu suka kawo, su yi ta musu a kai. Ra'ayina shi ne, girmamawar da ta hana dattijo shiga gardamar zamaninsa ba ta cika girmamawa ba.

Tushen Al'adar

Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan biyu suka yi ƙaura daga gabashin Turai zuwa Amurka, suna gudun talauci da kisan gilla. Sun zo da harshensu na Yidish da kuma ƙaunar jarida. A 1897 aka kafa jaridar Forverts a birnin Niyok, Abraham Cahan ya daɗe yana shugabantarta, ta zama abincin safe na teloli da 'yan ƙwadago. Karatun kuwa bai tsaya ga mutum ɗaya ba, a shagunan shayi ake ƙarasa shi da cacar baki.

Saiwar abin ta ma fi haka zurfi. Littafin Talmud, wanda ya tattara bahasin malamansu na dā, ya adana ra'ayin da aka bi da wanda aka bari. A cikinsa an bayyana cewa an fifita mazhabar Hillel a kan ta Shammai saboda tawali'un mabiyanta, waɗanda kan ambaci hujjar abokan saɓaninsu kafin tasu. Ke nan a wannan tarbiyya, musu wata hanya ce ta neman ilimi, mai ladubbanta.

Shaidar Myerhoff

Masaniyar al'adun ɗan Adam, Barbara Myerhoff, ta shafe shekaru tana nazarin wata cibiyar tsofaffin Yahudawa a unguwar Venice ta jihar Kaliforniya. Littafinta, Number Our Days, ya fito a 1978, fim ɗin da aka yi a kan aikin kuma ya ci lambar Oscar a 1977. Mutanen da ta zauna da su matalauta ne, 'ya'yansu sun yi ilimi sun yi nisa, garuruwansu na asali kuma Nazi sun shafe su. Abin da ta lura da shi shi ne yawan rigimarsu, wani lokaci a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta fahimci cewa babban abin tsoronsu shi ne a daina ganinsu. Wanda ya tsaya ya yi jayayya da kai ya shaida cewa maganarka tana da nauyin da za a ture.

A nan ne gizo ke saƙa. Akwai wata irin ladabi da ake yi wa tsoho: ya yi magana a ce “haka ne, Baba”, a tashi a aikata wani abu dabam. A zahiri biyayya ce, amma a baɗini an cire shi daga sahun masu shawara tun yana numfashi. Mu da muka san majalisar dattawa a ƙofar gida, rediyo a tsakiya ana sauraron labaran yamma, mun san cewa tsohon da ya daina fitowa majalisa yakan soma dusashewa tun kafin cuta ta kwantar da shi. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba a ƙasar.

Hujjojin Masu Suka

Mai suka zai ce labarai suna tayar wa waɗannan tsofaffi da mikin da ya kamata a bari ya warke. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A ranar 27 ga Oktoba 2018 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa a Pittsburgh, akasarinsu tsofaffi, babbarsu tana da shekara 97. Sai dai wannan ya nuna cewa labarin ba ya jiran izini kafin ya shigo. Tunda ba makawa za su ji, gara su ji shi cikin jama'a da su haɗiye shi su kaɗai a gaban talabijin.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: zaman mutane masu tarihi ɗaya yana iya zama wurin da kowa ke ƙarfafa son zuciyar ɗan'uwansa. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na Yahudawan Amurka masu shekara 65 zuwa sama suna jin shaƙuwa da Isra'ila, alhali a cikin matasa 'yan ƙasa da 30 ba su kai rabi ba. Harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe kimanin mutum 1,200, da yaƙin Gaza da ya biyo baya, wanda ya ci rayukan dubun-dubatar Falasɗinawa, sun ƙara buɗe wannan giɓi, har a cikin gida ɗaya. To, zauren da ya iya lissafa mamatansa amma ya kasa ambaton na wasu ya saɓa wa darasin Hillel. Darajar zaure tana ga ikonsa na barin mai ra'ayin tsiraru ya kai aya, a kuma ba shi kujera mako mai zuwa.

Kammalawa

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, amma hangen ba ya amfani sai an furta shi, an kuma auna shi. Tsufa yana ba mutum dogon tunani, bai ba shi kariya daga kuskure ba. Saboda haka haƙƙin dattijo a kan al'umma biyu ne: a saurare shi, a kuma amsa masa da gaskiya cikin ladabi. Shi kuma nauyin da ke kansa shi ne ya ci gaba da damuwa da duniyar da zai bari, kamar mai dashen giginya wanda ya san wasu ne za su sha 'ya'yanta.