DARASI NA 9: RIJIYA DA KUDUDDUFI

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:10-12, 1 Yohanna 4:1-3

Da damina ruwa yakan kwanta ko'ina a Minna, daga Bosso har Chanchaga, kuma ba mai biyan ko anini domin ya ɗiba. Duk da haka uwa mai hankali ba ta shayar da ɗanta ruwan kududdufi. Takan tambaya tukuna daga ina ruwan ya fito. Haka shi ke ga koyarwar da ke shigowa cikin wayoyinmu ta intanet. Kyauta ce, amma ba dukanta ce mai tsabta ba.

Bari mu tuna da wahalar iyayenmu. Sai a 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa sun yi shekaru suna auna kalmomi. A nan Minna mishan ta SIM ta daɗe tana koya wa sababbin ma'aikatanta Hausa kafin a aike su wa'azi. A zamanin nan ƙauye guda yakan taru a kan littafi ɗaya. Yau kuwa yaro yana ɗauke da ɗakin karatu cikin aljihunsa. Mu yi godiya, mu kuma yi tsaro.

Mutanen Biriya sun karɓi wa'azin Bulus da yardar rai, amma kowace rana suna bin Littattafai domin su ga ko haka ne. Luka ya yabe su saboda wannan. In an gwada maganar manzo, balle ta baƙon da ba mu san ko sunansa ba? Ga tambayoyi uku da za mu yi.

1. Wa ya haƙa rijiyar? Amintaccen aiki ba ya ɓoye masu yinsa. Juyin 1979 yana hannun Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966. Juyin Sabon Rai Don Kowa kuwa ƙungiyar Biblica ce ta fitar. Dukansu biyu suna cikin manhajar YouVersion, wadda wata ikilisiya a Amurka ta soma a 2008, ba a kuwa biyan kome. Tsofaffi da waɗanda ba su iya karatu ba suna iya sauraron Sabon Alkawari da Hausa a manhajar Bible.is. Masu jin Turanci za su sami littattafan magabata, kamar Atanasiyas na Iskandariya da Agustin na Hippo, dukansu mutanen Afirka, a shafin Christian Classics Ethereal Library. Mu masu juya Littafi mun sani aya ɗaya takan bi ta hannun mutane da yawa kafin a buga ta. Shafin da ba ya faɗin sunan mawallafi, ko ikilisiyarsa, ko juyin da ya ɗauko, a bar shi.

2. Yaya ya riƙe ayar? Iblis ma ya ambaci Zabura sa'ad da ya jarabci Ubangijinmu, amma ya yanke ta daga mazauninta. Domin wannan, in wani ya aiko muku da aya ɗaya ta WhatsApp tare da dogon bayani, ku buɗe surar ku karanta ta duka, ku duba juyi biyu, kāna ku amsa.

3. Me ya ce game da Almasihu, me kuma yake nema a wurinku? Yohanna ya ba mu ma'auni: mai koyarwa na gaskiya yana shaida Yesu Almasihu ya zo cikin jiki. Wanda ya rage Allahntakarsa ko mutuntakarsa ba namu ba ne, ko da bakinsa zuma ne. Siman mai sihiri ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi, Bitrus kuwa ya tsauta masa ƙwarai. Wanda ya soma da kyauta ya ƙare da lambar asusun banki, yana cewa albarka sai an biya, ko ya ce mara lafiya ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya, ɗan'uwan Siman ne. Gwauruwa takan rasa kuɗin makarantar 'ya'yanta ta wannan hanya, wani kuwa yakan rasa ransa.

A ƙarshe, kada kowa ya sha shi kaɗai. Abin da kuka samu ku kawo wa fasto da dattawa, ko taron zumuntar mata, ko na matasa, a gwada shi tare. Waya ba ta yi wa mutum baftisma, ba ta kuwa zuwa gaisuwa ran makoki.

Tambayoyi
1. Don me aka yabi mutanen Biriya?
2. Wace koyarwa ta shigo wayarka makon jiya? Ka san mai ita?
3. Wane tsoho ne za ka kunna wa Maganar Allah makon nan?

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, ka ba mu ƙishin Maganarka, da hikimar rarrabe rijiya da kududdufi, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.