In Sojanku Ya Dawo Gida

Ɗana, in akwai soja a gidanku, yayanka ne ko ƙanenka ko mijin ƙanwarka, zauna ka ba ni kunnenka. Ke ma 'yata matso kusa, musamman in ke ce mai kwana ɗaki ɗaya da shi. Zancen kakanninmu zan yi muku, waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin da ba nasu ba, domin ina jin tsoron kada mu yi wa yaran yau abin da aka yi musu.

Rundunar da ta ci Damagaram a 1899, bayan karon Tirmini, Nasaran cikinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran duk baƙar fata ne daga yamma, irin sojan da Faransa ta kafa a Senegal tun 1857, waɗanda ake kira tirayar. A hannun wannan runduna Sarki Ahmadu Kuran Daga ya rasa sarauta da rai. Ba a cika shekara ashirin ba, sai ga 'ya'yan ƙasar da aka ci da yaƙi sanye da jar dara irin ta waɗanda suka ci su. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder, wato Damagaram, ce fadar mulkin Nijar, kuma ɗaukar soja tafiyarta ɗaya ce ko'ina a ƙasashen Faransa: kumandan ya yanka wa sarki adadi, sarki ya yanka wa hakimi, hakimi ya yanka wa mai gari. Mai gari kuwa ba ɗan cikinsa zai miƙa ba. Ɗan talaka ake bayarwa, da ɗan bawa, da wanda ba shi da mai tsaya masa. A yaƙin 1914 zuwa 1918 an kwashi mutum kusan 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da Faransa ke mulka, wajen 30,000 ba su dawo ba. Bahaushe da Babarbare da Bazabarme da Bambara, duka sunan Senegal aka laƙaba musu.

Auna abin da hankalinka. Saurayi ya tashi a Mirriya ko Magarya, babbar ƙarar da kunnensa ya sani ita ce tsawar damina da bindigar hawan salla. Ba wai mutanenmu ba su san igwa ba, ai Sarki Tanimu ya sa an ƙera igwogi a Birnin Damagaram. Amma yaƙin da suka gada na ido da ido ne, a kan doki, a yi wuni guda a tashi, wanda ya yi jarumta maroƙa su wasa shi. A Faransa rami aka tura shi, laka har gwiwa, harsasan igwa suna sauka dare da rana, ba ya ganin mai harbin balle ya kai masa sara. Ranar 16 ga Afrilu 1917, a wani tudu da ake kira Chemin des Dames, Janar Mangin ya tura su gaba cikin ruwa da ƙanƙara, yatsunsu sun sandare ba sa iya riƙe bindiga, dubbai suka zube. Ga shi baƙo, Faransancin da aka koya masa na karɓar oda ne kawai: tashi, kwanta, harba. In dare ya yi zuciyarsa ta hana shi barci, da wane baki zai gaya wa likita?

Turawan kansu abin ya ɗaure musu kai. Suka riƙa ganin ƙarti ba ko ƙwarzane a jikinsu, amma suna karkarwa, wani ya kurumce, wani bakinsa ya mutu, wani ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Wani likitan Ingila, Charles Myers, ya rubuta labarin ciwon a 1915, ya danganta shi da fashewar harsashin igwa, kuma kafin a gama yaƙin sojan Ingila kaɗai an lissafa kusan 80,000 da ya kama. Manyan hafsoshi da yawa suka ce ragwanci ne da ƙarya. A birnin Tours, likita Clovis Vincent wutar lantarki yake jona musu don su miƙe su koma fagen daga. To, in haka aka yi wa ɗan ƙasa mai dangi da harshe da lauya, ina ga ɗan Magarya? Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin Amurka suka shigar da wannan ciwo cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa da sunansa da alamominsa.

Yaƙin Hitila ya zo da nasa. A watan Yuni 1940 Jamusawa suka ware baƙaƙen sojoji a Chasselay suka bindige su. Waɗanda suka sha zaman fursuna suka komo, da suka nemi kuɗinsu a barikin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ne suka buɗe musu wuta. Sai yaƙin Indoshin, sai na Aljeriya, inda marigayi shugaban Nijar Seyni Kunce ma ya yi aikin soja. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojinta na Afirka, bai ƙara motsawa yadda na Faransawa ke motsawa ba, har wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara kotu ta ba shi gaskiya a 2001, kuma ba a daidaita kuɗin duka ba sai 2011. Wasu tsofaffin sun ƙare rayuwarsu a 'yan ɗakuna a gefen Paris, don doka ta ce sai mutum ya yi wata shida a Faransa kowace shekara kafin a ba shi kuɗin tsufa. A 2023 aka ɗage sharaɗin, lokacin saura 'yan ƙalilan.

Wannan laifin Faransa ne, kuma mun iya faɗarsa, kowace shekara muna faɗa. Namu ne ba mu cika tonawa ba. Tambayi dattawan unguwarku yadda aka ɗauki ansiyan, wato tsohon soja, da ya komo. Wanda ke rataya lambobi a ƙirji yana fareti shi kaɗai a bakin kasuwa, yana ba iska oda da Faransanci, yara suka mayar da shi abin wasa. Wanda ke zabura cikin dare yana ihu, aka ce iskokin ƙasar Nasara ne suka biyo shi. Wanda ya kama kwalba aka ce Nasara sun lalata shi, ba a tambayi abin da yake so ya manta ba. Mafi yawa kuma shiru suka yi, don an koya musu namiji ba ya kuka, matansu ne kaɗai suka san abin da dare ke yi musu. Mutum ya yi baƙunta a Faransa, ya dawo ya tarar da wata baƙuntar a zauren ubansa.

Yau ba jirgin ruwa ke kai yaranmu ba, mota ce, kuma ƙasarsu suke karewa. An yi harin Karamga a 2015, an yi na Bosso a 2016. A Inates, Disamba 2019, soja 71 suka kwanta dama, wata guda bayan haka a Shinagodar 89. Mamatan an yi musu salla da zaman makoki. Waɗanda suka ɗauki gawawwakin abokansu suka sa a mota fa? Suna nan suna zuwa hutu unguwannin Zango da Garin Malam da Sabon Gari, ana yi musu barka da zuwa, ana tambayarsu tsaraba.

Saboda haka ka sa ido. In ka ga barci ya ƙaurace masa, ko mafarki ɗaya yana ta dawo masa, in salansar babur ta fashe ka ga ya nemi ƙasa, in ba ya zama sai bayansa na jingine da bango yana kallon ƙofa, in mai fara'a ne da, yanzu kukan ɗansa ma tunzura shi yake yi, kuma abin ya wuce wata guda bai lafa ba, ciwo ne. Kada ka ce masa ya zama namiji, ya ga abin da kai ba ka gani ba. Kada ka zaunar da shi a majalisa kana cewa ya ba ku labarin mutum nawa ya kashe. In ya buɗe baki da kansa, ka yi shiru ka saurara, kada ka tare shi da wa'azi, kuma abin da ya faɗa ya tsaya a cikinka. Ka lura da tiramol da sauran ƙwayoyi, don nan da yawa suke fakewa.

Ba na hana addu'a, ni ma ita na riƙe. A yi masa, a yi sadaka, amma a haɗa da asibiti, domin addininmu bai hana neman magani ba, umarni ma ya yi da shi. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa da wannan ne aikinsu, suna yi da zama da hira da magani, kuma mutane suna samun sauƙi. Zai ji kunya, zai ji tsoron kada a ce a bariki ya taɓu. Kai ne za ka ce masa: Yaya, tashi in raka ka, ba wanda zai ji.

Ke kuma 'yata, haƙuri ibada ne, amma in abin ya kai ga duka kada ki rufe shi da sunan rufin asiri, ki gaya wa iyayenki da nasa. In kuka ji yana cewa ya gaji da duniya, ko gara a ce shi ma ya mutu tare da abokansa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku nisanta shi da makami, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira gari ya waye.