Malamin Turanci Da Tafiya Ƙasar Waje: Da Wane Ma'auni Zai Zaɓi Masauki?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tun daga shekarar 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, aka kuma bar darajar naira a hannun kasuwa, albashin malamin makaranta ya zama da ƙyar yake kai iyali tsakiyar wata. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji malamin Turanci a ƙasar Birnin Kudu ko Gwaram, har a ƙaramin gari irin Surko, yana shawarar fita ƙasar waje, tun da hajarsa tana da masaya a wurare da yawa. Wani zai nuna masa Ingila, wani ya nuna masa ƙasashen Larabawa, wani kuwa ya ce ga Nijar nan kusa. To, da wane ma'auni Musulmi zai auna waɗannan wurare?

Da farko dai, Shari'a ba ta hana tafiya neman halal ba, ba ta kuma ƙyamaci koyar da harshen wasu mutane ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu da ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. Bayan yaƙin Badar kuma, a shekara ta 2 bayan Hijira, an yarda wa waɗansu fursunoni su fanshi kansu ta koya wa yaran Madina rubutu. Ashe ke nan sana'ar malamin Turanci sana'a ce mai tsabta, tafiyarsa ma halal ce a asalinta. Abin da ya rage shi ne zaɓen masauki, a nan ne kuwa mutane suka fi yin kuskure iri biyu. Masu kuskure na farko suna duban yawan albashi kaɗai, su buga shi da naira, su ga ya ninka nasu sau da yawa, shi ke nan shawara ta yanke. Masu na biyu kuwa suna duban sunan ƙasa kaɗai, su ce muddin ta Musulmi ce to ba sauran bincike, in kuwa ba ta Musulmi ba ce to ko kallonta ba a yi.

Hijirar farko a Musulunci ta isa ta gyara wa kowa tunani. A shekara ta 5 bayan aiko Annabi, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, ya umarci sahabbansa su tafi Habasha, ƙasar da sarkinta Najjashi Kirista ne a lokacin. Dalilin da ya ba su shi ne adalcin sarkin, watau ba a zaluntar kowa a gabansa. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da jama'arsa sun zauna can shekaru masu yawa suna bauta wa Allah cikin aminci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, da ya bar Degel zuwa Gudu a 1804, neman wurin tsayar da addini ne ya fitar da shi, ya kuma rubuta littafin Bayan Wujubil Hijra a 1806 a kan wannan batu. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun tsananta game da zama a inda hukuncin wanda ba Musulmi ba zai hau kan mutum, amma abin da suke jin tsoro shi ne tauye addini da wulaƙanci. Saboda haka ma'aunin da za a riƙe shi ne: a wace ƙasa ce mutum zai sami ikon yin sallarsa, a kiyaye alkawarin da aka ƙulla da shi, ya kuma iya sauke haƙƙin da ke wuyansa?

In aka ɗora ƙasashen Larabawa a kan wannan ma'auni, za a ga salla ba ta da wahala, abinci halal ne, ga kuma kusanci da Harami. Amma makarantu da yawa a can sun fi son ɗaukar wanda ya fito daga Ingila ko Amurka, ko da baƙar fata ya fi shi iya koyarwa. Daɗin daɗawa, izinin zaman baƙo yana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki, ko da yake Saudiyya ta sassauta wannan tsari a 2021. Wanda ya shiga da bizar Umara ya maƙale yana neman aiki ya karya alkawari, ya jefa kansa cikin zaman ɓoyo, tsarkin ƙasar kuwa ba ya wanke wannan laifi.

Ingila ita ma tana da nata. A 2023 ta buɗe wa malaman waɗansu ƙasashe, har da Nijeriya, ƙofar neman shaidar koyarwa, amma malaman lissafi da kimiyya ta fi nema, domin masu Turanci suna da yawa a gidan Turanci. Dokar ƙasar ta hana nuna wa ma'aikaci bambanci saboda addininsa, akwai kuma masallatai da yawa a birane irin su Bamingam. Sai dai Juma'a ranar aiki ce, da hunturu kuma yini yana gajarta har Azahar da La'asar su riski malami yana makaranta. Kuɗin haya yana cinye kaso mai tsoka na albashi, tarbiyyar 'ya'ya kuwa ta koma kan uba da uwa su kaɗai, ba kaka, ba malamin allo a zaure. Wanda ya san zai iya riƙe waɗannan, ya kuma yi magana da shugaban makaranta tun kafin ya sa hannu, yana da madogara. Wanda ya san kansa da rauni, to ya ji tsoron Allah game da kansa da zuriyarsa.

Nijar ba ta da albashin da zai ruɗi kowa, amma Maraɗi da Damagaram harshe ɗaya ne da addini ɗaya, mutum kuma yana iya zuwa gida ya koma cikin 'yan kwanaki. A 2025 hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Duk da haka an rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli na 2023, aka raba 'yan'uwa da juna watanni da dama. Akwai kuma hanya ta huɗu, watau shirin da Nijeriya ta kafa a 1987 na aika ƙwararru su yi aikin taimako na shekara biyu a ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na tekun Fasifik. Kyawun wannan shiri shi ne an san ranar tafiya, an kuma san ranar dawowa.

Ko ina aka zaɓa, kada a manta baƙo raɓa ne. Dattawan da suka yi makaranta a tsohuwar Jihar Kano, kafin a cire Jigawa daga cikinta a 1991, suna tune da malamai 'yan Indiya da Fakistan da Gana da suka koyar da su lokacin arzikin mai. Da tattalin arziki ya karye, gwamnati ta umarci baƙin da ba su da takardu su fice a Janairun 1983, 'yan Gana masu ɗimbin yawa suka tafi da abin da hannu zai iya ɗauka. Wanda zai tafi ya bi ta ƙofa, da takarda sahihiya da yarjejeniya a rubuce, ya guji dillalan da ke sa mutum ya sayar da gonar gado a kan alkawarin baki.

Sa'an nan sai haƙƙoƙin da ke gida, waɗanda sau da yawa su ne ke yanke shawarar. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa suna da rai, da ya amsa sai ya mai da shi gare su. In haka ne game da jihadi, ina ga neman albashi? Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da matarsa, saboda haka ƙasar da ba za ta bar mutum ya ɗauki iyalinsa ko ya riƙa ziyartarsu ba, ta faɗi a ma'auni ko nawa take biya. Akwai kuma haƙƙin ɗalibai. Yaron da bai ci Turanci a jarrabawar kammala sakandare ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko ta Dutse ce ko ta Kafin Hausa. A makarantar birni in malami ya tafi wani zai maye gurbinsa, amma a makarantar ƙauye mai malamin Turanci ɗaya tak, tafiyarsa a tsakiyar shekara na iya kashe wa aji guda gaba.

Mai yiwuwa a ce, shin malami ya zauna da yunwa ke nan saboda 'ya'yan wasu? A'a, ciyar da iyali wajibi ne a kansa shi kaɗai, ilmantar da jama'a kuwa nauyi ne a kan al'umma duka, hukumar da ta bar malami cikin ƙunci ita ce za ta fara amsa tambaya. Abin da ake nema gare shi shi ne ya fita da mutunci: ya ba da sanarwa a kan lokaci, ya kai 'yan ajin ƙarshe ga jarrabawarsu, ya biya bashin da ake binsa, in kuma gwamnati ce ta ɗauki nauyin karatunsa bisa sharaɗin zai yi mata aiki, ya cika sharaɗin.

In ya gama wannan awo, sai ya shawarci iyayensa da matarsa da waɗanda suka zauna a ƙasar da idonsu, ya yi sallar istihara raka'a biyu, ya gyara niyyarsa, sa'an nan ya dogara ga Allah. Allah ya datar da mai tafiya da mai zama, ya sa albarka a cikin abin da suke ci. Amin.